Na ɗauko babbar mage a gidan marayun dabbobi, ga yadda muka ƙare da su

Wata huɗu kenan da muka ɗauko mage a wani gidan kula da dabbobi dake gefen garin da muke zaune a nan Ingila, ƙawaye nata tambaya ta wai ya abun yake, nace bari in rubuta gaba ɗaya in huta.

Ni dama 'yar ƙaramar kyanwa naje nema saboda yara, sai matar dake kula da ɓangaren maguna ta tambaye ni awa nawa gidan ke zama ba kowa, nace mata ni aikin dare nake a asibiti, maigida kuma sai yamma, tace to ƙaramar ba taki bace, sai ta yage miki labule da kujera kafin ki dawo. Gaskiya naji haushi lokacin amma da gaskiyarta. Ta kaimu wajen manya, can ƙarshen layi ga wata baƙa wuluk 'yar shekara 7 tayi kwanciyarta irin ta mage mai kwanciyar ɗaukar rai, ko kallon mu bata yi ba. Wai mai ita tsohuwa ce ta rasu, kuma ta daɗe a wajen, tace baƙaƙe da manya su ake bari a baya kullum. Nayi dariya nace ashe ba mu kaɗai ke tsoron baƙar mage ba, Hajiyarmu da na tura mata hoto cewa tayi "ke 'yar nan aljana kika kwaso ko me?"

Fam 80 muka biya, kuma wallahi ba tsada in ka duba abun dake ciki, an mata aikin hana haihuwa, an mata rigakafi, maganin ƙuma da na tsutsar ciki, ga ɗan ƙaramin na'urar nan kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambar da ake gano mai ita da ita. Wannan ma dole ne yanzu, tun 10 ga Yunin 2024 doka ce a Ingila a sawa duk magen da ta kai sati 20, in ba haka ba tara har fam 500. Su suka maida rajistar sunana.

Inda suka ban wahala shine tambayoyi, kai kace auren 'yarsu nazo nema. Sai da na kawo takardar yardar mai gidan haya, sai da na zagaya dasu gidan ta bidiyo, har titin gabanmu suka ce in nuna musu su ga yawan motoci. Ga waya basa ɗauka, sai imel, sati uku ina jira. Haƙoranta kuma sun ce min "akwai ɗan datti" ne kawai, likitan dabbobi na dubawa yace sai an cire guda biyu, kuɗin ya ninka na ɗaukota nesa ba kusa ba. Wannan kam ya kamata su fito su faɗa ma mutum ƙarara.

Amma shawarwarinsu sun min amfani sosai. Mu a gida ragowar tuwo da miya ake zuba ma mage, ashe albasa da tafarnuwa guba ne a wajensu, madarar shanu ma gudawa take sa yawancin manyan. Sun ce in ware mata ɗaki ɗaya da tiren yashin da zata riƙa kashi da fitsari a ciki, kar a barta ta fita waje sai bayan sati uku zuwa huɗu. Kwana biyar tayi ƙarƙashin gado, da daddare kawai take fitowa taci abinci, har na fara cewa ko in maida ta, rana ta shida ina sallar asuba sai gata ta zo ta kwanta a gefen dadduma.

Tun daga nan bata taɓa ɓata min gida ba ko sau ɗaya, halinta kuma yadda suka faɗa haka yake, bata son a ɗauke ta amma tana son a sosa mata kai. Larry, magen nan na gidan firaministan Birtaniya a Downing Street, ma ai da girmansa aka ɗauko shi daga gidan kula da dabbobi na Battersea a 2011.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba gidan dabbobin, ɗayan haƙora ne suka cinye shi. Hajiya kuma yanzu in ta kira sai tace a nuna mata aljanar tukunna.