Kwana uku ina wakiltar Gana, yaro ɗaya ya rusa mana aiki

Tun da na dawo daga Abuja ake tambayata ko taron nan na kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya ya ci kuɗinsa. Kuɗin dai ba zan faɗi yawansu ba, ba sai na fama wa kaina ciwo ba. Baba ma sai da ya tambaye ni ko har da kujerar Makka a ciki.

Masu shirya taron duk ɗalibai ne da 'yan bautar ƙasa, aikin sa kai suke, ba mai ba su sisi. An sa ni a Kwamitin Sulhu, da jerin mambobin 2023, aka ba ni Gana, batun kuma yankin Tafkin Chadi. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, maganar gida ce. Wata guda ina karatu, ƙuduri mai lamba 2349 na 2017 kan Boko Haram saura kaɗan in haddace shi.

Daren rana ta biyu muka haɗa kai da masu riƙe da Gabon da Mozambik muka rubuta daftari. A ƙasa muka baje bakin matattakalar bene, takalma a gefe, kwamfuta ɗaya mai cajin da ke ta kuka, sai biskit da ruwan leda. Har ƙarfe biyun dare. Da gari ya waye na bi wakilai ɗaya bayan ɗaya ina lallashi, sai da na tara goma sha biyu. Ƙuri'a tara ake buƙata cikin goma sha biyar, don haka na shiga zaure ina jin kaina kamar jikar Ɗan Masanin Kano.

Aka ce masu goyon baya, alluna goma sha biyu suka tashi. Aka ce masu adawa. Can ƙarshen tebur wani siririn yaro, kwat ɗinsa ma ta fi ƙarfinsa, ya ɗaga allon Rasha a hankali, ko kallonmu bai yi ba. Shugabar zama ta buga guduma ta ce ƙuduri ya faɗi. Shi ke nan fa.

Wallahi sai da idona ya ciko. Na san Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, masu kujerun dindindin, suna da ikon hawa kujerar naƙi, wato ɗayansu kaɗai na iya kashe ƙuduri, har a jarrabawa na rubuta shi. Amma ban san zafinsa ba sai da aka hau min ita a kan aikin da ya hana ni barci.

Da aka tashi na tare shugabar, wata 'yar ajin ƙarshe a fannin shari'a, na ce, "Yaya, wannan ai zalunci ne tsagwaronsa." Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, 'yar takardar da ya aiko miki jiya, kin buɗe?" Na zazzage jaka, ga ta nan a ninke ƙarƙashin caja. Layi biyu ya rubuta: in mun cire sakin da ke maganar takunkumi, zai ƙaurace wa ƙuri'a. Kuma ƙauracewar mai kujerar dindindin ba ta kashe ƙuduri. Ni da na raina shi don bai cika magana ba, ina can ina ƙirga ƙuri'u, wanda ke riƙe da wuƙa da nama yana jiran amsata. Minti goma ta tsaya tana warware min, ko abinci ba ta ci ba. A nan na fahimci abin da ya sa tun 2005, a matsayar Ezulwini, ƙasashen Afirka ke neman kujerun dindindin biyu masu cikakken iko. Don wannan baiwar Allah kaɗai na so in ce kowa ya je.

Sai dai ina tuna sauran abubuwan raina ke sake ɓaci. Ranar buɗewa awa uku muna shanye ana jiran babban baƙo, ya zo ya yi minti bakwai ya wuce. Abincin rana sai wajen ƙarfe huɗu, shinkafa ta huce, nama kamar ƙwayar magani. Jadawalin ma ba a ware lokacin salla ba, muka riƙa sulalewa muna yin azahar a lungu kan kwali, ka dawo ka tarar an wuce sunanka a jerin masu magana. Na yarda sa kai suke yi, amma mu ai ba kyauta muka shiga ba. Ga shi duk wanda Turancinsa bai goge ba kallo ya koma yi, ba wanda ya ja shi a jiki.

Kyautar gwarzon wakili yaron Rasha aka ba, kuma na tafa masa, ko da yake ba da ƙarfi ba. Ni kuwa takardar shaidata an rubuta sunan mahaifina ba daidai ba. Suka ce sati biyu za su aiko da gyararriya, yau wata na biyu, saƙona a WhatsApp ana karantawa ba amsa. Ƙanwata ta ce baɗi da ita za a je. Na ce ta tafi da sallayarta da dambun nama a jaka, in ta gan su kuma ta karɓo min takardata.