Hattara da mai tallar teleskop da hotunan aro

Jama'a, akwai wani mai shafi a Facebook da Instagram da ke tallar ƙaramin madubin hangen nesa, wato teleskop. Yana cewa da shi da wayarka kaɗai za ka ɗauki hoton nebula, gajimaren ƙura da gas ɗin nan na sararin samaniya, da launukansa raɗau. Ƙanena ya tura masa kuɗi, aka sako masa kayan a mota, sai ga bututun roba mai gilashi milimita 60 a kan ƙafafu uku masu rawa ko iska ta kaɗa.

Hotunan da yake liƙawa ba nasa ba ne. Ɗaya daga ciki ma sanannen hoton nan ne na ginshiƙan ƙura da ke cikin nebular Eagle, M16, wanda Hubble ta fara ɗauka a 1995, James Webb ta sake ɗauka a 2022, dukansu manyan teleskop ne da aka harba sararin samaniya. Ku duba taurarin cikin hoton da kyau. Na Hubble tsinkayen haske huɗu gare su, na Webb manya shida da ƙanana biyu, saboda yadda aka ƙera madubansu da sandunan da ke riƙe da su. Madubin gilashi irin wanda yake sayarwa ba ya fitar da tsinke ko ɗaya. Wanda bai gamsu ba ya sa hoton a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, zai kai shi shafin NASA.

Sai ƙaryar lamba. A jikin kwalin an rubuta wai yana ƙara girman abu sau 675. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce a ninka faɗin gilashin sau biyu, to milimita 60 iyakarsa wajen sau 120, abin da ya haura nan dishi-dishi ne kawai. Kuma nebula ba girma take buƙata ba, haske take buƙata. Ko nebular Orion, M42, wadda ta fi yawancinsu haske, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,300, in ka leƙa ta da ido toka-toka za ka gan ta kamar hayaƙi, don idon mutum ba ya rarrabe launi a haske mai rauni. Masu hotunan gaske kyamara suke ɗorawa a kan mazauni mai injin da ke bin taurari, tunda duniya na juyawa digiri 15 a awa guda. Su ɗauki hotuna da yawa na tsawon sa'o'i, sannan su haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta. Mutumin nan bai taɓa ambaton ko ɗaya ba. Ni da a ce da kallon wata ya yi tallarsa da ban ce uffan ba, don ramukan wata kam suna fitowa.

Kafin ku biya kowa, ku tambayi faɗin gilashin, ku ce ya turo ɗanyen hoto guda wanda ba a gyara ba, da ranar da ya ɗauka da wurin. In ya ce a tsakiyar gari ya ɗauka cikin hazon hunturu, kun gane, don fitilun gari da hazo suna dushe irin wannan haske mai rauni.

Da ƙanena ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, sai mutumin ya toshe lambarsa. Yanzu ya sauya wa shafin suna, amma hotunan suna nan yadda suke.