Lesin ɗin adabin Turanci da na sa 'yata a Kano

Littafi ɗaya ne ya sa na kai 'yata ta fari lesin ɗin yamma: Unexpected Joy at Dawn na Alex Agyei-Agyiri, ɗan Ghana, wanda WAEC ta sa a jerin littattafan adabin Turanci na 2021 zuwa 2025. Yarinya ta yi zango guda tana juya shi, amma in ka tambaye ta me ya raba taurarin labarin, Nii Tackie da 'yar'uwarsa Mama Orojo, sai ta tsaya tana kallon ka. A makaranta taƙaitaccen bayani ake rubuta musu a allo, su kwafa, su haddace, shi ke nan.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Shago biyu aka fasa bangon tsakaninsu, ga bencina, ga fanka ɗaya mai aiki in an kawo wuta. Sau uku a mako, bayan la'asar.

Malamin ne ya biya ni kuɗina. Sati biyu na farko bai bari an buɗe littafin ba, tarihin da aka gina labarin a kansa ya ba su. Ya faɗa musu yadda gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana a ƙarshen 1969, da yadda gwamnatin Shagari ta kori baƙi a farkon 1983, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka kama hanya. Har jakar Ghana Must Go ya shigo da ita aji, ya ce su ƙiyasta abin da za su zuba a ciki in an ce su tashi gobe. Daga nan aka fara karatu babi babi: ɗalibi ya karanta da Turanci, Malam ya warware da Hausa, sannan kowa ya rubuta amsa da Turanci. Da suka kai mutuwar Massa, matar Nii, sai ya tambaye su me mutum ke kamawa idan komai ya kuɓuce masa a lokaci guda.

Ran nan 'yata ta dawo ta zarce ɗakin mahaifiyata, wadda aka haifa a zangon Kumasi. Ta ce, "Hajiya, wai ku ma an kore ku?" Tsohuwa ta yi shiru, can ta fara ba ta labarin babbar motar da suka kwana a ciki da tukwanen da suka bari a tsakar gida. Ni da na haura arba'in ban taɓa jin zancen tukwanen nan ba.

Sai dai akwai gyara. Ɗalibai sun yi wa ɗakin yawa, na baya ba sa ji sosai. Kwafin littafin da suke sayarwa a bakin ƙofa bugun satar fasaha ne. Namu ya zo da shafuka takwas farare fes, dole na je Sabon Gari na sayo wani. Wuthering Heights kuwa, wani littafin na cikin jerin wanda ba na Afirka ba, a guje aka bi ta kansa cikin mako uku, da alama ba shi Malam ya fi so ba.

In ɗanka littattafan Afirka ne ke ba shi wuya, kai shi, amma ka saya masa littafi a wani wuri, kuma ya riƙa zuwa da wuri ya kama bencin gaba.