Ido na zubar da ruwa a wurin aiki: me ya kamata ka saya, me za ka bari a kanta?

Idan ka shiga kemis ka ce idonka na zubar da ruwa, za a jera maka kwalabe uku ko huɗu, duk 'yan ƙanana, duk da hoton ido a jikin kwalin. Aikinsu kuwa ya sha bamban, har akwai wanda illarsa ta fi ciwon da ya kawo ka. Kafin ka zaro kuɗi, fara sanin abin da ke sa naka idon hawaye.

Ga mai zaman ofis, ma'aikaciyar banki, ko mai buga takardu a kwamfuta, yawanci bushewa ce. Da ɗaure kai, amma haka abin yake. Ruwan da ke lulluɓe da ƙwayar ido yana da ɗan maiƙo a samansa, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan kafofi a bakin fatar ido, shi ke hana ruwan saurin ƙafewa. Duk ƙiftawa ɗaya tana sake shimfiɗa shi. Mutum kan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti, amma da ya ƙura wa allo ido sai ƙiftawar ta ragu sosai, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki na hura masa fuska, in lokacin hunturu ne kuma abin ya haɗu goma da ashirin. Ido ya bushe ya fara raɗaɗi, sai jiki ya sako ruwa da yawa lokaci guda, tsinkakke, wanda ba ya zama, sai dai ya gangaro kumatu. Alamarsa: kana ji kamar an zuba maka yashi, abin na tsananta bayan la'asar, gani ya yi dishi-dishi, ka ƙifta ya washe.

In haka naka yake, abin saye shi ne maganin ɗigawa mai jiƙa ido. Kada ka bi sunan kamfani, juya kwalin ka karanta abin da ke ciki. Hypromellose shi ne mafi araha, kuma ya wadatar wa mai ɗan raɗaɗin yamma, sai dai ba ya daɗewa a ido. Carmellose da sodium hyaluronate sun fi zama, sun kuma fi tsada. Carbomer mai kauri ne, yana sa gani ya ɗan yi hazo na 'yan mintuna, don haka ya fi dacewa da lokacin kwanciya, ba lokacin da za ka hau babur ba.

Sai batun sinadarin da ake sa wa kwalba don kada ta lalace, galibi benzalkonium chloride. Ga mai ɗigawa sau biyu ko uku a rana babu damuwa. Amma in buƙatarka ta wuce sau huɗu kullum, sinadarin kansa na iya zafafa ido, sai ka koma wa irin 'yan ƙananan robobin nan da ake fasa ɗaya, a yi amfani, a yar. A nan ne ƙarin kuɗin ya halatta. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka kuma rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin. Yawancin kwalabe bayan kwana 28 sun tashi aiki. Wannan ba tsirfa ba ce. A 2023 an janye maganin jiƙa ido na EzriCare daga kasuwar Amurka bayan ƙwayar cuta ta gurɓata shi, wasu suka makance, mutum huɗu suka mutu.

In kuwa ƙaiƙayi ne ya fi yawa, kana ta murza ido, ga atishawa, musamman ga mai aiki cikin ƙura, gari, auduga ko tsofaffin fayiloli, to jikinka ne bai jitu da wani abu ba. Sodium cromoglicate ya fi sauƙin kuɗi amma sai an jure kwanaki ana ɗigawa kafin ya kama. Olopatadine ya fi sauri, sau ɗaya ko biyu a rana.

Akwai iri biyu da na fi so ka bar wa mai kemis kayansa, kuma su ne suka fi farin jini, don nan take ake ganin aikinsu. Na farko masu faranta ido, wato masu gusar da jan ido, irin su naphazoline da tetrahydrozoline. Matse jijiyoyin jini kawai suke yi. Ka saba da su, ranar da ka daina jan ya dawo fiye da da. Na biyu ya fi haɗari: duk wanda ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikinsa. Yana kashe ƙaiƙayi da ja kamar yankan wuƙa, shi ya sa maƙwabcin teburinka zai rantse maka da shi. Amma in aka daɗe a kansa yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Sai da takardar likita. Chloramphenicol kuma na ƙwayoyin cuta ne, na idon da ke kwantsa mai kauri. Ba ruwansa da bushewa.

Tabarau fa? Wanda ake tallatawa cewa yana tare shuɗin hasken kwamfuta, ajiye kuɗinka. Nazarin ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane na 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, bai ga alamar yana rage gajiyar ido ba. Gara ka kai kuɗin a auna maka ido, balle in ka haura 40 ka fara nesanta waya kafin ka karanta saƙo. Mai keke Napep, kafinta, mai injin niƙa da mai fasa dutse, nasu tabarau ne mai rufe gefe, wanda aka buga wa alamar ingancin kariya Z87 ko EN166. Mai walda kuma baƙin gilashin kasuwa ba ya tsare shi. Shi ya sa yake wuni lafiya, cikin dare ido ya kama zogi da ambaliyar hawaye. Garkuwar fuska yake buƙata mai gilashi lamba 10 ko sama.

Dabarun kyauta su ne ya kamata ka fara gwadawa. Kauda kujera daga saitin fanka, ka sauke allon ya koma ƙasa da saitin ido kaɗan. Duk bayan minti 20 ka kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Da dare ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka ɗora kan ido a rufe na 'yan mintuna, yana narkar da maiƙon da ya toshe kafofin. Mai rambaɗa kwalli ta ɗan huta, don a kan bakin kafofin nan ake zizara shi, kuma na gargajiya sau da yawa akwai dalma a ciki. Ruwan albasa, ruwan suga da nono, ko kusa kada ka sa su a ido.

In ido ɗaya ne ke zuba kullum, ko gashin ido ya juya ciki yana soka, ko akwai ciwo mai tsanani, gudun haske ko raguwar gani, wannan ya wuce kanta. Wataƙila hanyar da hawaye ke bi ta sauka hanci ce ta toshe, kuma babu kwalbar da ke buɗe ta. Nemi asibitin ido, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ka tafi da duk magungunan da ka riga ka ɗiga. In kuma siminti ne ko ruwan batir ya fantsama, fara kwarara wa idon ruwa mai tsabta nan take na aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti.