Wasiƙa daga Landan: Na je neman sunan Kaka a gidan takardun Turawa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya kawo jiki. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe kamar an idar da magariba.

Saƙon da ka ba ni tun da azumi sai yanzu Allah ya yi na cika shi. Ka ce tunda ina zaune a ƙasar waɗanda suka mulke mu, in je in duba ko sunan Kaka Malam yana cikin takardunsu, shi da ya yi shekara da shekaru yana malamin haraji a En'e. Na je har sau uku, duk a ranakun hutuna. Kada in ja maka rai, ban same shi ba. Amma abin da na gano ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wurin yana wata unguwa a yammacin Landan da ake kira Kiyu, su kuma suna rubuta ta Kew. Nan ne babbar ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya. Asalinta ofishin adana takardun gwamnati ne da aka kafa a 1838, ginin Kiyu kuma an buɗe shi a 1977. Daga tashar jirgin ƙasa ɗan tattaki ne, ka wuce gidajen mutane, sai ga wani jibgegen ginin siminti da tafki a gabansa, agwagi suna ta wanka a wannan sanyin ba ruwansu.

Ka san halinmu, tun a hanya nake lissafin nawa za a caje ni da wanda zan gani kafin a bar ni in shiga. Ko sisi. Abin da suka nema kawai shaida guda biyu, ɗaya mai sunana, ɗaya mai adireshin inda nake zaune. Aka sa ni na kalli ɗan bayani kan yadda ake riƙe tsohuwar takarda, aka ɗauki hotona, nan take aka miƙo mini katin mai karatu da zai yi mini shekara uku. Babu wanda ya tambaye ni takarda daga jami'a, babu wanda ya ce me zan yi da abin da nake nema. Jaka da rigar sanyi na kulle su a loka, aka ba ni wata leda da ake ganin cikinta na zuba waya da littafin rubutu. Biro ba ya shiga ɗakin karatu, sai fensir, shi ma wanda ba shi da abin gogewa a gindi. Ruwan sha ma a waje ake barin sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai lamba ce. Kowace takarda a gidan nan tana da adireshi kamar mutum. Takardun Ofishin Mulkin Mallaka duk suna farawa da CO. Wasiƙun da suka shafi Arewacin Nijeriya tun kafin haɗewar 1914 suna ƙarƙashin CO 446, na Nijeriya bayan an haɗe kuma CO 583. Jerin yana kan intanet, kai ma daga nan gida kana iya buɗe shi a wayarka ka ga taken kowane kundi. Ka zaɓi kujera, ka shigar da lambar abin da kake so a kwamfuta, uku-uku ake yarda ka nema a lokaci guda. Na sauka na sha shayi, kafin in gama hura shi in dawo, wajen minti arba'in da biyar, kundin yana jirana a cikin wani kabad mai ƙofar gilashi da lambar kujerata a jiki. Ban ga wanda ya kawo shi ba, balle in ce masa sannu da aiki. Wasu takardun ma ba a ginin suke ba, suna can cikin wani ramin haƙar gishiri a yankin Cheshire, saboda can ƙarƙashin ƙasa babu danshi kuma yanayin ba ya sauyawa. Irin waɗannan sai ka ba da kwana uku na aiki kafin a kawo.

Ina tsaye gaban kabad ɗin nan Baba ya faɗo mini a rai. Ka tuna shekara biyun da ya yi yana sintiri zuwa wancan ofishin kan fansho da garatuti. Yau a ce fayil yana teburin oga, gobe a ce ya sauka rajista, jibi a ce mai makullin ya tafi ta'aziyya. Ni na raka shi ranar da wani tsohon masinja ya tausaya masa, ya shiga wani ɗaki da aka jibge fayiloli tun daga ƙasa har silin, ya fito da ƙura har gira, riƙe da fayil ɗin, gefensa ɗaya ruwan sama ya cinye. Baba ya ba shi na goro yana ta sa masa albarka. Mutumin ya cancanta, amma da a ce ya yi ritaya wata ɗaya kafin ranar, da shi ke nan, shekara talatin da biyar na aikin Baba sun bi ruwa. Inda fayil yake a kan mutum ɗaya yake a wurinmu. A nan kuwa a rubuce yake, kuma doka ce ta tilasta. Dokarsu ta 1958 ta ɗora wa kowace ma'aikata ta tace takardunta, ta miƙa waɗanda suka cancanci ajiya. Da farko sai takarda ta shekara 50 ake buɗe ta ga jama'a, a 1967 aka mayar 30, daga 2013 kuma suka fara rage wa'adin miƙawa zuwa 20. Mu ma fa muna da tamu dokar ta 1992, ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A takarda ba a bar mu a baya ba.

To, bari in gaya maka abin da ke cikin kundin. Neman Kaka na zo yi, amma zuciya ta ja ni zuwa 1903, shekarar da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris. Kundi ne mai kauri, sai da na tallafe shi da wasu matasai na soso da suke ajiyewa don kada gadon bayansa ya karye, na danne shafin da wata igiya mai nauyi kamar carbi. Takardar ta yi ruwan ƙasa, tana wani wari kamar na tsohuwar adaka. Ga wasiƙun Gwamna Lugga daga Zungeru, ga saƙonnin tangaraho, kowanne da tambarin ranar da ya iso Landan. Amma abin kallon shi ne takardar da ake liƙawa a gaban kowace wasiƙa. Ƙaramin akawu ya fara rubuta ra'ayinsa ya sa haruffan sunansa da kwanan wata, na sama da shi ya ƙara nasa a ƙasa, haka har ta kai ga manya. Tawada daban-daban, hannu daban-daban, wani rubutun kamar tafiyar kaza. Kana zaune kana ganin yadda mutanen da ba su taɓa taka ƙasarmu ba suke muhawara a kanmu. Har ma ka ga ba kullum bakinsu ɗaya da Lugga ba, don a kan tafiya Kano ɗin nan mutanen Landan sun ji haushin yadda bai sanar da su da wuri ba. Wata maganar kuwa, bayan duk rubuce-rubucen, sai ka ga an rufe ta da kalma biyu da ke nufin a ajiye kawai. Ashe "ana dubawa" ba mu muka ƙirƙiro ta ba.

Na ɗauki hoton shafuka da yawa da wayata, an yarda, muddin ba ka kunna fitilar kyamara ba. Zan turo maka idan na tsara su.

Kada ka ɗauka ina cewa mutanen nan waliyyai ne. Wani dattijo ɗan Kenya da muka haɗu a wurin shan shayi ya tuna mini da labarin da na taɓa ji sama-sama. Lokacin da Turawa suke tattara nasu ya nasu daga ƙasashen da suka mallaka, sun ƙone takardu da yawa, wasu kuma suka kwaso su a ɓoye. Shekara kusan hamsin suna cewa babu. Sai a 2011, bayan wasu tsofaffin Kenya sun kai ƙara kan azabar da aka yi musu a zamanin tawayen Mau Mau da aka yi wa Turawa, gwamnati ta amsa cewa tana da dubban fayiloli daga tsofaffin ƙasashen mallaka 37, a wani wuri mai tsaro da ake kira Hanslope Park. Daga 2012 aka fara kawo su Kiyu ƙarƙashin lamba FCO 141, kuma akwai na Nijeriya a ciki. A 2013 aka amince a biya 'yan Kenya 5,228 diyya, wadda haɗe da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9. Ka ga su ma sun iya "ba a ga fayil ba". Bambancin, nasu da gangan aka ɓoye, a jere da lambobinsa, ranar da kotu ta matsa sai ga shi ya fito cif. Namu kuwa sau da yawa babu wanda ya ɓoye, gara ce da yoyon rufi.

Batun Kaka, wata ma'aikaciya a teburin tambaya ce ta warware mini, cikin minti biyar, ba tare da ta nuna gajiya ba. Ta ce abin da ya zo Landan shi ne abin da gwamna ya rubuto wa minista: manyan al'amura, kasafin kuɗi, naɗin manyan ma'aikata Turawa, yaƙi da tawaye. Abin da Di'o ya rubuta wa Razdan, ko Razdan ya rubuta wa sakatariya, ba ya ƙetare teku, a can aka bar shi. Gaskiyarta kuwa, don a duk abin da na karanta, in ka cire sarakuna da 'yan manyan fada, mu adadi ne kawai: mutum kaza, shanu kaza, jangali fam kaza. Malamin harajin da ya bi ƙauye-ƙauye a kan doki ya ƙirgo shanun ba shi da suna a nan.

Kunya ta kama ni, Yaya. Na biya kuɗin jirgi na ƙetare Landan ina neman abin da ke Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga ƙofar gidanmu. Ma'adanar takardu ta ƙasa tana da reshe a can, kan titin Yakubu Gowon, aikin da ya samo asali daga ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike wanda ya sa aka kafa ofishin adana takardu a 1954. A nan takardun sakatariyar Arewa suke, masu lamba SNP, da na larduna, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, da sauransu. Rahotannin kimanta haraji na gunduma-gunduma suna ciki, inda Bature zai zauna ya rubuta tarihin gari da jerin dagatai da yawan masaƙa da marina, ga kuma wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami. Sannan ga Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. In sunan Kaka yana wata takardar gwamnati a duniya, a waɗannan wuraren za a fara nema.

Wani abu kuma da ba su da shi a nan, ko da kuɗi: babu wanda za ka zauna da shi a zaure ya ce maka ai na san kakanka, dokinsa fari ne, shi ya rubuta harajin gidanmu shekarar fari. Karatu kyauta ne a Kiyu, amma kuɗin jirgi da shayi da ɗan burodin rana ɗaya, in ka juya su naira, sun yi cefanen gida na kwanaki, kuma har ka tashi babu wanda zai tambaye ka daga ina kake. Tsofaffin ƙofar fada da suka san Kaka kuwa 'yan kaɗan suka rage. Ka je wurinsu da wayarka ka naɗi muryarsu kafin ka je Kaduna.

Sai maganar akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadon Inna. Na tuna akwai rasit-rasit na haraji a ciki, da takardar ɗaukar Kaka aiki, da wasu wasiƙu da ajami da Baba yake hana mu taɓawa. Don Allah ka roƙe ta ta bari a buɗe. Kada ka kai su shago a manne su da leda mai zafi, na ga yadda ma'aikatan nan suke gudun wannan, don in an manne ba ta ɓaruwa kuma tana cin takardar a hankali. Ka cire duk wata ƙusa ko allura da ta yi tsatsa, kada a sa salatif a inda ya yage. Ka shimfiɗa kowace a kan farin ƙyalle, a inuwa da safe, ka ɗauki hotonta gaba da baya. Ka samo littafi mai layi ka ba kowace lamba, ɗaya, biyu, uku, da abin da ke cikinta a taƙaice, ka rubuta lambar da fensir a jikin ambulan ɗin da za ka saka ta. Akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa a ɗora kan bulo ko kanta kafin damina. Na turo kuɗin ambulan da na mota zuwa Kaduna ta hannun wanda ya saba kawo muku saƙo.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata man zafin da ta ce in nemo na samu, yana cikin kayan da za su taho ƙarshen wata. Wasiƙun ajamin nan su za ka fara turo mini.

Ƙaninka.