Yadda na samo ƙanen kakana a shafin kaburburan sojojin Ingila

A gidanmu da ke Aboabo a Kumasi, abin da kawai aka riƙe game da ƙanen kakana shi ne ya tafi yaƙin Bama bai komo ba. Bana na gwada shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da na ƙasashen da ta rena, kuma na ga ya cancanci a sanar da mutanen zango.

Binciken kyauta ne, waya ma ta isa. Mutum zai rubuta suna, ya ƙara da sunan runduna, wato Gold Coast Regiment, rundunar ƙasarmu ta zamanin Turawa, wadda aka raɗa wa wannan suna a 1901, sai shafin ya fito da lambar soja da muƙaminsa da ranar rasuwarsa da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa. Sai dai waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kaɗai ya ƙunsa, saboda haka wanda kakansa ya dawo gida da ransa kada ya ɓata lokaci.

Wahalar tana wajen suna, kuma tushenta akawun bariki ne na zamanin Turawa. Ba sunan uba suka cika rubutawa ba, sai su liƙa wa mutum garinsu ko ƙabilarsa: wane Kano, wane Moshi, wane Dagarti, wane Fulani. Ko sojan nan da ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, da sunan Alhaji Grunshi tarihi ya san shi. Ga kuma rubutun da ke sauyawa, Amadu nan, Ahmadu can. Kwana uku ina lalube a banza, har sai da gwaggona ta ciro wata tsohuwar takarda daga ƙasan adakarta, mai lambar da ta fara da GC. Da na sa lambar, nan take sunan ya fito.

Ba shi da kabarin da aka sani. Sunansa yana jikin bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan da ke ƙasar Bama, cikin sunaye kusan 27,000, kuma a 1945 ya rasu, shekarar da sojojinmu suka gwabza a garin Myohaung na Bama. Na buga shaidar da shafin yake bayarwa na kai wa gwaggo, ita kuwa ta sa a yi masa saukar Alƙur'ani ranar Juma'a.