Wace baƙar 'yar tsana za ku saya wa 'yarku?

Iyaye da yawa suna ganin in dai 'yar tsana baƙa ce, to magana ta ƙare. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Iri uku ne a kasuwa, kuma fuska da gashi ne ke raba su.

Ta farko ita ce mai kamannin da: fata baƙa wuluk, fararen idanu zuru-zuru, faffaɗan leɓe ja jawur, gashi buzu-buzu. Ana kiranta Golliwog, ta fara fitowa a wani littafin yara a Ingila a 1895. Tushen wannan kamannin wasannin dandamali ne na Amurka, inda tun shekarun 1830 fararen fata ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙin mutum a matsayin wawa, malalaci. 'Yar'uwarta ita ce siffar mace mai ƙiba, ɗaure da ɗankwali tana washe baki, wato baiwar da wai ke jin daɗin bauta. Irin wannan hoton ne ya sa aka sauya sunan kayan abincin Aunt Jemima a 2021. Har yau ana tallan irin waɗannan 'yan tsana a intanet da sunan kayan tarihi. Ko kyauta aka ba ku, kada ta shiga hannun yaro.

Ta biyu ta fi yawa, ta kuma fi yaudara: 'yar Turawa ce aka rina. Ku dube ta da kyau, za ku ga siririn hanci da gashi santal har gadon baya, launin roba kawai aka canza. Haka kamfanin kayan wasa na Mattel ya yi da baƙar 'yar tsanarsa Francie a 1967, kafin ya fito da Christie a 1968, sannan baƙar Barbie a 1980. Ba cin mutunci ba ce kamar ta farko, amma tana raɗa wa yarinya cewa kyau sai da hancin wasu da gashin wasu.

Kuma yara suna ji. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan Adam Kenneth da Mamie Clark sun ajiye wa yara baƙar fata na Amurka 'yan tsana farare da baƙaƙe, mafi yawansu suka ce farar ce mai kyau. Binciken ya shiga hujjojin shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu bisa launin fata.

Ta uku ita ce zaɓina, wadda tun farko aka ƙera ta da siffar baƙar yarinya. Kamfanin Shindana na Los Angeles ya fito da Baby Nancy a 1968, a Najeriya kuma Taofick Okoya ya ƙirƙiro Queens of Africa. Ku duba hanci da leɓe su zama na mutum, ba a zuzuta su ba. Ku taɓa gashin: zai kitsu? Gaskiya irin wannan gashin yakan cukurkuɗe, yana son taza a hankali, amma a kansa yarinya ke koyon kula da nata.

Idan ta intanet za ku saya, ku nemi hoton da masu saye suka ɗauka da kansu, domin hasken hoton talla yakan ɓoye ainihin launin fata da yanayin gashi.